Raddi Ga Masu Cewa Mawaƙi Shi Ne Ƙungiya

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu na ƙasar Arewa ta Nijar, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri, daga Matankari zuwa Kore Mairuwa. In aka ɗauko zancen wata ƙungiyar kiɗa da ta watse, ko wadda aka daina jin ɗuriyarta, sai ka ji wani dattijo ya ce, "Ai mai waƙa shi ne ƙungiya, sauran 'yan rakiya ne. Ranar da ya tafi sai a naɗe tabarma." Masu faɗin haka sun san kiɗa. Da yawansu sun zauna gaban makaɗan da mu sai dai labari. Don haka cikin ladabi nake cewa ban yarda da su ba, har ma ina ganin wannan magana tana cikin abubuwan da ke karya mana ƙungiyoyi.

Suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, har yau ba a sami wanda ya tsaya gaban kalangai ya cike gurbinsa ba. Ɗanmaraya Jos kuwa daga shi sai kuntiginsa, da ya rasu a 2015 babu wata ƙungiya da za a jira ta ci gaba. Murya baiwa ce daga Allah, wani lokaci tana tafiya da mai ita. Wannan ban musa ba. Abin da nake musu shi ne a ɗauki Shata da Ɗanmaraya a mai da su ma'aunin kowane kiɗa.

A tambayi kai daga ina jagora yake fitowa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda kaset ɗinsa ya shiga gidajen Arewa kamar yadda ya shiga na Sakkwato da Zamfara, bai fara da jagoranci ba. A ƙungiyar mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, ya tashi. Daga baya ya zauna ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna yana riƙe da matsayin Daudun Kiɗi, wato mataimakin jagora. Shekaru ya yi yana amshi kafin duniya ta san sunansa. Da a ce 'yan amshi 'yan rakiya ne kawai, da babu Ɗanƙwairo. Kuma duk wanda ya saurari waƙoƙinsa da kunnen basira ya san jagora ba ya ƙarasa ɗan waƙa shi kaɗai: yakan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari da nasu, kotso na tafe da su. A cire waɗannan muryoyi a bar tasa ita kaɗai, a ji ko waƙar za ta tsaya da ƙafarta. Da ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan gidan, domin gidan ne makarantar tun farko.

Mu mutanen Arewa ma bai kamata a ce sai an je gidan Ɗanƙwairo an kawo mana misali ba. A ƙasar da garuruwan Lugu da Bagaji suke, kowa ya san abin da kayan kiɗa ke iya faɗa ba tare da an buɗe baki ba. A wasan bori na gargajiya, ko mutum yana da ra'ayi a kansa ko ba ya da shi, mai goge da masu ƙwarya su ne ke riƙe da fili, kuma kowane iska da nasa take. A filin kokawa ɗan kokawa yakan ji takensa a ganga tun kafin a ambaci sunansa, tsikar jikinsa ta tashi. A gayya, gangar noma ce ke sa ƙarti su manta da zafin rana. A duk waɗannan wurare hannu ne ke magana. To ta yaya jikokin waɗannan mutane za su dubi mai kalangu ko mai jita su kira shi ɗan rakiya?

Da kiɗan zamani ya shigo Nijar, ƙungiyoyin orkesta suka bazu a garuruwa. Zamanin Samariya, lokacin mulkin Seyni Kountché daga 1974 zuwa 1987, bukukuwan matasa na ƙasa sun sa kowace jiha tana tattara makaɗanta da 'yan rawarta don ta fita kunya, daga baya kuma gasar Ɗan Gurmu ta zo ta ƙara wa kiɗan zamani kaimi. A duba yadda waɗannan ƙungiyoyi suka raɗa wa kansu suna. Ta Dogon Dutsi ta ɗauki sunan Akazama, kakan sarakunan Arewa. Ta Tawa, wadda Mona ya jagoranta da jitarsa tun shekarun 1970, ta kira kanta Azna de l'Ader. A Damagaram akwai Super Haske. A 1995 Yacouba Moumouni mai sarewa da Abdallah Alhassane mai jita suka kafa Mamar Kassey, da sunan wani gwarzo na tarihin Songhai. Babu wadda ta ɗauki sunan mai riƙe da makirufo. Mutanen da suka kafa su sun so abin ya zama na gari, ya fi ƙarfin mutum guda.

Wadda ta fi fito da wannan a fili ita ce Tal National ta Yamai. Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa ta a 2000. Almeida mai jita ne, kuma ya yi aiki a kotu yana kiɗansa. Tsarin da ya shimfiɗa ya saɓa wa maganar dattawanmu daga tushe. Ƙungiyar tana da makaɗa da mawaƙa fiye da waɗanda dandamali ke ɗauka a lokaci guda, sai su riƙa karɓa-karɓa. Haka suka iya yin wasa dare biyar a mako, kowane dare sa'o'i masu yawa, har wani lokaci su rabu biyu su yi wasa wuri biyu a dare ɗaya, kuma kowane ɓangare Tal National ne. A cikinsu akwai Bahaushe, akwai Bazabarme, akwai Bafillace, akwai Buzu, kowa na kawo waƙar gidansu a sa mata jita da kalangu. Masu waƙa sun shigo sun fita. Amma wanda ya saurari faifan Kaani na 2013, wanda kamfanin FatCat na Ingila ya fitar, ya bi shi da Zoy Zoy na 2015 da Tantabara na 2018, zai gane su tun kafin kowa ya buɗe baki. Saurin jitar nan da yadda ganguna ke sarƙewa da kalangu su ne tambarinsu. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, kuma ba muryar mutum ɗaya ce ta ɗauko su ba.

Wani zai ce ai duk wannan bai kai ga ainihin maganar ba, tunda maganar ita ce in babban mawaƙi ya mutu. To bari in kai mu nesa, ƙasar Japan, inda aka jarraba wannan. Akwai wata ƙungiyar kiɗan rok mai suna Buck-Tick, wadda wasu samari suka fara a 1983 a garin Fujioka na lardin Gunma. Daga 1985 mutum biyar ne: Atsushi Sakurai a waƙa, Hisashi Imai da Hidehiko Hoshino a jita, Yutaka Higuchi a jitar bas, sai yayansa Toll Yagami a ganguna. Shekara 38 ba wanda ya fita, ba wanda ya shigo. Sakurai ɗin nan da duk Japan ta sani da murya, mai ganga ne a farko, sai a 1985 ya taso daga bayan ganguna ya karɓi waƙa, kamar yadda Ɗanƙwairo ya taso daga sahun amshi. Yawancin kalmomin waƙoƙinsu shi ya riƙa rubutawa, yawancin kiɗan kuma Imai ya riƙa tsarawa. Shigarsu ma ta ƙungiya ce: a farkon tashensu duka biyar ɗin suka riƙa tayar da gashi sama suna shafa kwalli, daga baya suka karkata ga baƙaƙen kaya, har matasan ƙungiyoyi da dama suka bi sawunsu. A watan Oktoba na 2023 rashin lafiya ya kama Sakurai yana tsakiyar wasa a Yokohama, ya rasu a daren. Mutum huɗun da suka rage suka hau dandamalin Budokan a Tokyo ranar 29 ga Disamba na shekarar, sannan a 2024 suka fitar da sabon faifai mai suna Subrosa, masu jitar nan biyu suna waƙa. Ba su nemo wani ya kwaikwayi mamacin ba. Ba na cewa rashin bai yi ciwo ba, ko kiɗan bai sauya ba. Ya sauya. Amma mutanen da suka cika zauren sun san sunayen mutum huɗun nan tun shekaru da dama, shi ya sa aka sami abin da za a ci gaba da shi.

Nan ne maganar ta fi damuna, domin a wurinmu ba a san sunayen ba. A je biki a Dutsi ko Gesheme a tsaya a kalli liƙi. Kuɗi a goshin mai waƙa suke sauka. In jagoran mai adalci ne, a yi kasafi bayan an tashi kowa ya sami rabonsa. In ba haka ba, mai kalangu ya koma gida da jika ɗaya ko biyu bayan ya kwana yana matsa tsarkiya a hammata. A hoton talla fuskar mutum ɗaya ce. A rediyo mai gabatarwa ya ambaci mawaƙi ya wuce. A bidiyon da ke yawo a wayoyi ma, mai ɗauka mawaƙin yake bi. Yaron da ke da hannun jita ya ga haka shekara biyu, uku, sai ya tattara ya nufi Yamai, ko ya tsallaka Najeriya, ko ya ajiye jitar ya kama kabu-kabu. Ranar da jagora ya kwanta ciwo, a waiwaya a ga ba kowa a bayansa, sai a ce, "Ba mun faɗa ba?" Alhali mu ne muka yi ta zare itacen murhu ɗaya bayan ɗaya, sannan muka zargi tukunya da rashin tafasa.

Zuwan fiyano da kwamfuta ya ƙara wa abin nauyi. Tun ƙarshen shekarun 1990, da waƙoƙin finafinan Kano suka mamaye kasuwa, mawaƙi yana iya shiga sitidiyo shi kaɗai, mutum ɗaya ya haɗa masa kiɗa, ya fito da waƙa a yini guda. Ba na raina wannan sana'a, tana ciyar da gidaje, kuma akwai gwanaye a cikinta. Sai dai yaron da ya tashi bai taɓa ganin mutum shida sun haɗa numfashi a kan kiɗa ɗaya ba, dole ya gaskata cewa mawaƙi shi ne komai. Maganar dattawa ta zo ta sami na'urar da ke tabbatar masa da ita.

Ina roƙon iyayenmu masu wannan ra'ayi su sake dubawa, domin bakinsu yana da nauyi, abin da suka raina yara ma za su raina shi. Masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyon Dutsi da Tibiri, in za ku sa waƙa, ku faɗi wanda ya kaɗa kalangu da wanda ya riƙe jita, daƙiƙa goma ce. Masu shirya wasa a gidan matasa, ku sa hoton ƙungiya gaba ɗaya. Hajiya uwar biki, in kin tashi liƙi ki zagaya bayan mai waƙa, akwai mutane a can. Jagorori kuma su yi wa kansu Daudu tun suna da ƙarfi, su riƙa sakar masa waƙa ɗaya ko biyu a gaban jama'a, a san muryarsa, a kuma yi kasafi a fili kowa na gani. Tsofaffin makaɗan orkesta da ke raye a garuruwanmu, da masu goge da gurmi na ƙauyukan Dallol Mauri, a je a zauna da su a ɗauki kiɗansu da sunayensu da na waɗanda suka koya musu, tun ana iya tambayarsu.