Gidan Gado Da Cinikin Fili A Ƙasar Bodinga Da Shagari

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka sammini fili in yi magana da malamai da akawuna a kan cinikin fili da gidan gado, abin da na ga yana raba zumunta a ƙasarmu.

Duk mai bin hanyar da ta fito daga Sakkwato ta ratsa Bodinga da Shagari ya ga yadda gonakin bakin titi suke komawa fuloti. Birni yana faɗaɗa, ga kuma bayin Allah da 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni suna neman wurin fakewa. Masu nema sun yi yawa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa, to, dole kuɗi ya hau. Da kuɗi ya hau, sai gidan da magada suka daɗe suna zaune a ciki lafiya ya zama abin husuma. Wani ya sayar da rabonsa a ɓoye, sai dai 'yan'uwa su wayi gari su ga baƙon ido yana auna zaure.

Jama'a, ba wanda ya kamata ya san hukuncin ƙasa kamar mu. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna a Bodinga, shi ne kuma ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin mallakar ƙasa. A mazhabar Malikiyya akwai shufu'a. Ma'anarta, in gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayya yana da ikon biyan kuɗin da aka saya ya karɓe. Amma fa maƙwabci ba shi da wannan iko, kuma in an riga an raba an sa iyaka, shufu'a ta faɗi. Wanda yana gari, ya sani, ya yi shiru har shekara ta wuce, ya rasa. Wanda ya tafi cin rani ko fatauci, haƙƙinsa yana nan sai ya komo.

Ta wajen dokar gwamnati kuma, tun 1978 aka ɗora amanar ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna. Filin birni Gwamna ke ba da takardarsa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma, kuma ba a sayar da shi sai da yardar hukuma. Ashe ke nan wanda ya biya dillali ya karɓi 'yar takardar hannu, bai riƙe kome ba tukuna.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne baƙo, ko ɗan gudun hijira ko mutumin Nijar. In aka sayar masa da fili guda da aka riga aka sayar wa wani, tsoro yakan hana shi kai ƙara, don kada a fara tambayarsa takardun zama. Macuci kuwa da wannan tsoro yake cin abinci. A Amurka tun shekarar 2000 suka yi doka, baƙon da aka yi wa babban laifi, in ya taimaki 'yan sanda wajen bincike, ana iya ba shi izinin zama, har mutum 10,000 a shekara. Sun lura in baƙo ya yi shiru, gobe ɗan gari za a cuta. Mu da addininmu ya san haƙƙin baƙo, bai kyautu a riga mu ba.

Shawarata uku ce. Na farko, a raba gado a gaban alƙali da wuri, a fitar wa mata da marayu nasu a rubuce. Na biyu, kada kowa ya biya kuɗin fili sai ya tambayi mai unguwa da maƙwabta da sauran magada, ya kafa shaidu, ya kai takarda ofishin ƙasa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, ai a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Na uku, hakimai su sa a yi shela cewa ƙofar shari'a a buɗe take ga baƙo kamar ɗan gari.

Ku malaman makaranta da akawuna, ku ne idon waɗanda ba su iya karatu ba. In maƙwabci ya kawo muku takardar ciniki, ku karanta masa ita duka kafin ya dangwala yatsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Bodinga.