Rawar Bale da 'Ya'yan Talakawa: Abin da Unguwar Harlem Ta Gwada Tun 1969

Rawar bale, wadda ta samo asali a fadojin sarakunan Italiya a ƙarni na 15, ta kuma samu tsari da ƙa'idoji a Faransa bayan da Sarki Louis na 14 ya kafa mata cibiya a shekarar 1661, ta sha bamban da rawar da yaro yake ɗauka da ido a dandali ko a wajen biki, domin ba a iya ta sai an yi shekara takwas zuwa goma a gaban malami, ana maimaita motsi iri ɗaya kusan kullum har gaɓoɓi su saba. Malamanta sun fi so a fara tun yaro bai wuce shekara goma ba, kafin ƙashi da jijiya su gama ƙosawa, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nan matsalar take, domin a shekarun da ya kamata a fara yaro ba ya iya zaɓa wa kansa komai, saboda haka aljihun iyayensa da unguwar da aka haife shi su ne suke yanke masa hukunci, tun kafin wani ya duba ko yana da baiwa ko ba shi da ita.

Kuɗin makaranta kuwa ɓangare ne kawai na ɗawainiyar. Ɗakin koyo yana buƙatar daɓen katako mai ɗan lotsawa idan an diro a kansa, domin tsalle a kan siminti yana cin gwiwa da idon sawu, yana kuma buƙatar manyan madubai da doguwar sanda da ake kafawa a jikin bango, wadda ɗalibai suke dafawa a farkon kowane darasi. Takalmin da 'yan mata suke tsayuwa da shi a kan 'yan yatsu ana yin bakinsa ne da ƙyalle da takarda da gam, a jera su hawa-hawa har su yi tauri, kuɗinsa yakan kai dala 100 ko kusa da haka, kuma ƙwararriya tana iya kashe guda a dare ɗaya. Ga kuɗin mota, ga kuma wanda zai bar aikinsa ya raka yaro sau uku ko huɗu a mako. Shi ya sa shirin da ya tsaya ga yafe kuɗin makaranta kaɗai yakan tarar da cewa waɗanda suka amfana su ne waɗanda dama suke da hanyar zuwa.

Arthur Mitchell, wanda aka haifa a unguwar Harlem ta birnin New York a shekarar 1934, ya san waɗannan shingaye daga ciki. Tun yana ɗan shekara 12 nauyin gida ya hau kansa, ya yi goge takalma da rabon jaridu, kuma a makarantar gwamnati aka lura da iya rawarsa, aka ba shi shawarar ya nemi shiga sakandaren koyon fasahohin dandamali ta birnin. A 1955 ya shiga ƙungiyar New York City Ballet, inda ya zama baƙar fata na farko da ya kai matsayin babban ɗan rawa, wato wanda ake ba jagorancin wasa. A 1957 George Balanchine, mai tsara raye-rayen ƙungiyar, ya haɗa shi da wata farar fata, Diana Adams, a rawar mutum biyu cikin wasan Agon, a daidai lokacin da ake rigima a kudancin Amurka kan ko yaran baƙi da na farare za su zauna a aji ɗaya. A watan Afrilun 1968, Mitchell yana cikin aikin kafa ƙungiyar bale a Birazil, aka kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, kuma wannan kisa ne ya sa ya yanke shawarar komawa unguwarsu ya koyar.

Ya fara ne a makarantar fasaha ta Harlem wadda mawaƙiya Dorothy Maynor ta kafa a 1964, sannan a 1969 shi da tsohon malaminsa Karel Shook suka kafa Dance Theatre of Harlem, da dala 25,000 daga aljihun Mitchell. Bayan kamar shekara guda gidauniyar Ford ta ba su dala 315,000, irin tallafin nan da ake bayarwa bisa sharaɗin wanda aka ba shi ma ya nemo wani kaso daga wani wuri. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne yadda aka gudanar da darussan farko. Wani tsohon garejin motoci aka gyara aka mai da shi aji, kuma Mitchell yakan bar ƙofofin a buɗe, ta yadda mai wucewa zai tsaya ya leƙa, yaran titi su taru a bakin ƙofa suna kallon sa'o'insu sun jeru a jikin sanda. Da ya lura cewa samari suna ƙyamar matsattsen wandon da ake rawar da shi, sai ya sassauta dokar sutura, ya bar su su shigo da wandon jins da takalman wasanni. Da yara kusan 30 aka fara, cikin 'yan watanni suka kai 400. Ba wata sabuwar dabarar koyarwa ya zo da ita ba, horon nan ne mai tsauri da shi kansa ya sha, sai dai ya kawo shi inda yaro zai iya zuwa da ƙafa, ya kuma cire abin da yake sa a ji kunyar shiga.

Mitchell ya fahimci wani abu kuma da shirye-shirye da dama suke mantawa, wato uwar da take fama da kuɗin haya tana da haƙƙin ta tambaya ina wannan rawa za ta kai ɗanta. A wancan zamani manyan ƙungiyoyin bale ba kasafai suke ɗaukar baƙar fata ba, ana ma yaɗa cewa ƙirar jikinsu ba ta dace da rawar ba, don haka horar da yara ba tare da samar musu wurin aiki ba yaudara ce. Shi ya sa aka kafa ƙungiyar ƙwararru a jikin makarantar, wadda ta yi wasanta na farko a hukumance a gidan tarihi na Guggenheim a watan Janairun 1971, kuma a shekarar ce suka samu mazauni na dindindin a titi na 152. Ba rawa kaɗai ake koya a ginin ba, har da kiɗa da ɗinki da aikin bayan fage. Tania León, 'yar asalin Kyuba, ita ce shugabar sashen kiɗa ta farko, yayin da fitacciyar mai ɗinki Zelda Wynn Valdes ta riƙe sashen tufafi kusan shekara 30. Yaron da jikinsa bai ba shi damar zama ɗan rawa ba yana iya fita da sana'a a hannu.

Akwai kuma maganar launi, wadda mai kallo daga nesa zai ɗauka ƙaramar magana ce. Al'adar bale ita ce mace ta sa safa da takalmi masu launin ruwan hoda, don a ga kamar ƙafa da takalmi abu ɗaya ne, amma wannan lissafi da farar fata aka yi shi. Tun cikin shekarun 1970 ƙungiyar Harlem ta koma sa safa da takalmi masu launin fatar kowace 'yar rawa, wanda ke nufin sai an rina su ko an shafa musu hodar kwalliya da hannu. Sai a 2018 kamfanin Freed na Landan, ɗaya daga cikin manyan masu yin wannan takalmi, ya fara sayar da masu launin ƙasa-ƙasa tare da haɗin gwiwar ƙungiyar Ballet Black. A fagen wasa ma haka aka yi, domin a 1984 'yan ƙungiyar Harlem sun ɗauko tsohon wasan Giselle suka mai da labarinsa jihar Luwisiyana ta ƙarni na 19, kuma ziyarar da suka kai Afirka ta Kudu a 1992 ita ta haifar da shirinsu na kai darussa makarantu da unguwanni, mai suna Dancing Through Barriers.

Wasu 'yan rawa biyu a birnin New York sun bi ta wasu hanyoyi. Jacques d'Amboise, abokin aikin Mitchell a New York City Ballet, ya kafa National Dance Institute a 1976, wadda take tura malamai cikin makarantun gwamnati a lokacin karatu, a koyar da aji sukutum, da mai baiwa da marar ita, ba tare da an karɓi ko sisi daga yaro ba. Eliot Feld kuma a 1978 ya kafa makarantar da a yau ake kira Ballet Tech, wadda take zagaya makarantun firamare tana gwada yara, ta zaɓi waɗanda ta ga alamar baiwa a jikinsu, ta ba su horo da takalmi da sutura da mota kyauta, kuma tun 1996 ta zama makarantar gwamnati mai haɗa boko da rawa. Ta farko tana isa ga yara masu yawa amma horonta bai kai zurfin da zai fitar da ƙwararre ba, ta biyu kuwa tana fitar da ƙwararru amma sai ta tace, kuma duk wanda ya ce ɗaya ta wadatar ba tare da ɗayar ba bai duba lamarin da kyau ba.

Jaridu da masu ba da tallafi sun fi son labarin tauraro. Misty Copeland, wadda a 2015 ta zama baƙar fata mace ta farko da ta kai matsayin babbar 'yar rawa a American Ballet Theatre, ta fara ne tana da shekara 13 a wani darasin kyauta da ake yi a filin ƙwallon kwando na wata cibiyar matasa a San Pedro ta jihar Kalifoniya, kuma nisan gida da rashin abin hawa sun kusa raba ta da rawar har sai da ta koma zama a gidan malamarta. A Legas ma, makarantar Leap of Dance da Daniel Ajala ya buɗe a 2017 yana koyarwa kyauta ba ta samu kulawar duniya ba sai a 2020, lokacin da bidiyon wani ɗalibinta ɗan shekara 11 yana juyi ba takalmi a kan siminti cikin ruwan sama ya bazu a intanet, daga baya aka ba shi gurbin karatu a Ingila. Irin waɗannan labarai gaskiya ne, amma suna karkatar da awo, domin mafi yawan yaran da suka bi ta waɗannan azuzuwa ba za su taɓa cin abinci da rawa ba, kuma ribarsu, wato zuwa a kan lokaci da jure gyara da tsayuwa gaban jama'a ba tare da rawar jiki ba, ba ta ɗaukuwa a hoto.

Raunin da bai bar ko ɗaya daga cikin shirye-shiryen ba shi ne kuɗi, tunda makarantar da ɗalibanta ba sa iya biya dole ta rayu da kyautar gidauniyoyi da attajirai da hukuma, waɗanda hannunsu yake buɗewa ya rufe gwargwadon yanayin tattalin arziki. A 1990 ƙungiyar Harlem ta dakatar da aiki na wasu watanni saboda giɓin kuɗi, a 2004 kuma bashin dala miliyan 2.3 ya sa aka sallami 'yan rawa 44, makarantar ma ta rufe na 'yan makonni kafin a tara gudummawar da ta sake buɗe ta. Ƙungiyar ƙwararrun ba ta dawo ba sai a 2012, da mutum 18 kacal, a ƙarƙashin Virginia Johnson, ɗaya daga cikin waɗanda aka fara tafiyar da su. A tsawon shekaru takwas ɗin nan yaran unguwa sun ci gaba da zuwa darasi a titi na 152, amma wurin aikin da Mitchell ya gina domin su ba ya nan. Mitchell ya rasu a 2018, a 2021 attajira MacKenzie Scott ta ba cibiyar dala miliyan 10, sannan a 2023 Robert Garland, wanda shi ma ya yi rawa a ƙungiyar, ya karɓi shugabancin sashen fasaha daga hannun Johnson.