TillyTilly: Yarinyar da Ta Firgita Masu Karatu a Ingila

A ƙauyukan Kunci, manya kan gargaɗi yara kada su ɓata wa Hassan da Husaini rai, don an yi imani tagwaye na iya tura wa mutum kunama. Irin wannan shakkar tagwaye, a sigarta ta ƙasar Yarabawa, ita Helen Oyeyemi ta ɗora littafinta The Icarus Girl a kai, wanda kamfanin Bloomsbury ya buga a Ingila a 2005.

An haifi Oyeyemi a Nijeriya a 1984, aka tafi da ita Landan tana 'yar shekara 4. Tana sakandare ta rubuta littafin, ya fito tana ɗaliba a Jami'ar Cambridge.

Labarin na Jessamy ne, 'yar shekara 8, uwa Bayarabiya, uba Bature, yarinya mai ƙwaƙwalwa amma mai yawan kaɗaici da kururuwa. Da aka kai ta gidan kakanta a Ibadan, sai ta haɗu da wata yarinya, Titiola, wadda ta laƙaba wa TillyTilly. Ba mai ganinta sai Jessamy. TillyTilly ta biyo ta har Ingila, tun tana sa ta dariya har ta koma cutar da duk wanda ya raɓe ta. Ita ce ma ta tona asirin da iyaye suka binne: Jessamy 'yar tagwaye ce, 'yar'uwarta Fern ta rasu tun haihuwa, kuma ba a sassaƙa mata gunkin ibeji da al'adar Yarabawa ta tanada wa ɗan tagwayen da ya rasu ba.

Abin da ke tayar da tsikar jiki shi ne marubuciyar ta ƙi raba gardama. Aljana ce? Kurwar mamaciyar ce? Ko ciwon ƙwaƙwalwa? Iyayen sun kai ta wurin likitan halayyar ɗan Adam, kakan kuwa fassararsa daban. Magidancin Kunci da ɗansa ke hira da wanda ba a gani ya san wannan tsaka mai wuya: ko malamin ruƙiyya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Masu sharhi a Birtaniya da Amurka sun yaba yadda ta shiga zuciyar yaro, wasu kuma suka ce ƙuruciya ta nuna a wasu sassan, musamman ƙarshen labarin. Oyeyemi ba ta bar fagen ban tsoro ba: littafinta White Is for Witching ya ciyo mata kyautar Somerset Maugham a 2010, a 2013 kuma mujallar Granta ta sa ta cikin fitattun matasan marubutan Birtaniya.