Ziyarar Abzin: A Yi Shiri Tun Daga Kaka

Ƴan'uwa manoma na Kalfu da kewaye, in an gama yankan hatsi, damma sun shiga rumbu, lokaci ya yi da mutum zai fita ya ga ƙasarsa. Gare mu Adarawa, zuwa Abzin zumunci ne, don Agabba, ɗan Sarkin Agadas, shi ne kakan sarakunan Adar na Illela.

Daga Tawa zuwa Agadas ta hanyar Abalak wajen kilomita 400 ne. A birnin za ku ga fadar Sarkin Abzin da babban masallaci na ƙasa, mai hasumiya mita 27. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Mai guzuri ya wuce Timiya, cikin duwatsu, ya ga garake na lemu da rumman, da ruwa mai gangarowa daga dutse. Tsaunin Bagzan ya zarce mita 2,000.

Lokacin ɗari ya fi daɗin tafiya, amma ku ɗauki bargo, sanyin dutse ba wasa ba ne. Ku riƙe katin shaida. Kafin tashi ku tambayi hukuma lafiyar hanya, kuma kada ku shiga duwatsu ba jagora ɗan ƙasar.

Abu guda: kada a sayar da hatsin gida don kuɗin mota. A yi adashi tun yanzu. Bazara na nan tafe, iyali na jiran fura.