Yadda Ake Gyara Salansar Ƙananan Jiragen Sama Na Wasa

A Ingila da Amurka da Japan akwai mutane, manya da yara, waɗanda ba su da abin sha'awa kamar ƙera ƙananan jiragen sama, su tashe su, suna sarrafa su daga ƙasa da na'urar rediyo. Injin irin wannan jirgi bai cika tafin hannu ba, amma yana juya farfela fiye da sau 10,000 a minti ɗaya. Da yawansu ba fetur suke sha ba, sai wani ruwa da ake kira metanol, a gauraye da man zurma.

To, babbar matsalar ita ce ƙara. Idan babu salansa, kukan ɗan injin nan ya isa ya hana unguwa sakat, kuma ƙungiyoyi da dama sun rasa filayen wasansu saboda ƙarar da maƙwabta suka kai. A 1982 gwamnatin Ingila ta fito da ƙa'ida cewa kada ƙarar jirgi ta wuce awon desibel 82 daga nisan mita 7.

Sai dai salansar da kamfanoni irin su O.S. na Osaka suke sayarwa tare da injin sau da yawa ba ta shiga hancin jirgi, domin ta cika faɗi. Nan ne aikin gyara yake farawa. Wani yakan karkata injin a gefe domin salansar ta koma ƙasa. Wani ya sa guntun alminiyam tsakanin injin da salansa domin ta ɗan matso waje. Wani kuma ya yanke wutsiyar, ya ɗaura tiyon roba mai jure zafi, hayaƙi da mai su riƙa fita nesa da fiffike.

Amma fa akwai hatsari. Idan tiyon ya cika tsawo ko bakinsa ya ƙuntata, hayaƙi ba ya fita da sauri, injin ya yi zafi, ƙarfinsa ya ragu. Haka kuma daga jikin salansar ne ake jawo wani siririn tiyo zuwa tanki, wanda iskarsa ke tura mai zuwa kafireto. Wanda ya faɗaɗa bakin salansa da yawa ya rage wannan iska, injin yana iya mutuwa a sama, aikin watanni ya tarwatse a ƙasa.

Akwai kuma doguwar salansa mai ƙara ƙarfi, wadda Walter Kaaden ya inganta a baburan MZ na tsohuwar Jamus ta Gabas a shekarun 1950. Amon hayaƙi yakan bugi ƙarshenta ya dawo, ya mayar da ɗanyen man da ya fara tserewa cikin injin kafin fistan ya rufe ƙofa. Da ita Bill Wisniewski na Amurka ya ci gasar gudu ta duniya a Ingila a 1966, a rukunin jiragen da ake riƙewa da waya. Tsawonta ne sirrin, shi ya sa ake rage wuyanta kaɗan-kaɗan, ana gwadawa, domin abin da zarto ya ci ba ya dawowa.

A yau jiragen batir marasa ƙara sun mamaye wannan wasa, amma masu son ƙamshin man zurma suna nan da zartonsu.