"Je Ka Zo da Mai Ido": Makaho a Gaban Kantar Banki

A watan Disamban 2023 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin cewa duk asusun da ba a haɗa shi da lambar BVN ko ta NIN ba za a hana cire kuɗi daga cikinsa daga ranar 1 ga Maris, 2024. Jama'a suka yi tururuwa zuwa bankuna, masu gyaran suna na yi, masu gyaran ranar haihuwa na yi. A cikin wannan turmutsitsin ne wani tsohon koke na makafi ya sake tasowa: mutum ya sha layi har ya kai gaban kanta, a dube shi a ce, "Malam, je ka zo da mai ido." Idan ya nemi katin ATM kuwa, sai a ce ba a ba irinsu, ko kuma sai ya sa hannu a takardar da ke wanke banki daga duk abin da zai sami kuɗinsa. An maimaita wannan magana har ta zauna a kunnen mutane kamar doka. Za ka ji mai ilimi da kansa yana cewa, "Ai don a kare su ne."

Dokar ƙasa dai akasin haka ta faɗa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta wa mutum ko hukuma nuna bambanci ga wani saboda lalurarsa. Ta yanka tarar naira miliyan 1 ga kamfani, naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. Ta ce a fara sallamar mai lalura a duk inda ake bin layi. Ta kuma ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin da ya cika tun Janairun 2024. Kafin wannan ma, a 2010, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda sashe na 12 nata ya ambaci haƙƙin mutum ya juya dukiyarsa da kansa, ya kuma sami rancen banki kamar kowa. Tarar miliyan ɗaya ga bankin da ke sanar da ribar ɗaruruwan biliyoyi a shekara ba abin da za ta hana manaja barci ba ce, amma aƙalla kada a ce da mu doka ce ta hana.

Kada kuma a ɗauka maganar 'yan tsiraru ake yi. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum sama da miliyan ɗaya a wancan lokacin, kuma shiyyar Arewa maso Gabas ce ta fi kowace yawa. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, sai hawan jinin ido. Ma'anar wannan ita ce yawancin waɗanda ake magana a kansu ba da makanta aka haife su ba. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ɗan kasuwa ne da ciwon suga ya taɓa masa ido, hajiya ce da ta shekara ashirin tana ajiya a reshe ɗaya. Jiya banki na aiko musu da saƙon barka da Sallah, yau yana tambayarsu wa zai tsaya musu.

Wahalar tana farawa tun daga bakin ƙofa. Ƙofar nan ta gilashi mai shigar da mutum ɗai-ɗai tana ƙin buɗewa idan ta ji ƙarfe, farar sandar makaho kuwa galibi da ƙarfe mara nauyi ake yin ta. Sai mai gadi ya ce a ajiye sanda a akwati tare da makullai. A ciki, lambar layi tana fitowa ne a allo. Fom na takarda ne, da ƙananan akwatuna da ake so a cike da manyan baƙaƙe. Sai kuma sa hannu. Wanda ya rasa ganinsa da girma hannunsa bai mance sunansa ba, amma ba zai ga inda layi ya fara da inda ya ƙare ba, sai ma'aikaciya ta duba kwamfuta ta ce sa hannun bai yi daidai da na da ba. A ce to ya dangwala yatsa. Da ya dangwala, sai a mayar da shi sahun waɗanda ba su iya karatu ba, a ce sai da shaida, wani lokacin har da takardar rantsuwa daga kotu. Mutumin da ya yi karatu a makarantar makafi ta Gindiri, wadda ke koyar da rubutun Braille tun 1953, ya wuce jami'a ya yi digiri, yana karanta saƙonninsa a waya ta hanyar murya, shi ne ake rubutawa a fayil cewa an karanta masa an fassara masa kuma da alama ya fahimta.

Amma duk wannan ɓata lokaci ne da cin fuska. Inda abin ya zama haɗari shi ne batun lambar sirri, kuma nan ne hujjar "don a kare su ne" take rushewa.

Dukan tsaron asusun banki a yau a kan abu ɗaya ya rataya: akwai abin da kai kaɗai ka sani. Bankuna da kansu ba sa gajiya da aiko mana da gargaɗi cewa kada mu faɗa wa kowa lambar sirrinmu, ko da ma'aikacinsu ne. To ga makaho ya zo. Na'urar cire kuɗi ba ta magana, saboda haka dole wani ya karanta masa abin da ke allo. Fom ɗin da ke ɗauke da lambar asusunsa da ta BVN da sunan mahaifiyarsa, wani ne ya cike. Lambar wucin gadi da aka turo masa, wani ne ya gani. Wato banki ne da kansa ya tilasta masa karya ƙa'idar farko ta tsaro, sannan ya miƙo masa takarda ya sa hannu cewa idan kuɗi suka ɓace ba ruwan banki. Kamar mai gadi ne ya ce maka ba zai tsare gidanka ba sai ka ba maƙwabci makulli, sa'annan ka rubuta masa cewa in an yi sata kada a tambaye shi. Wa aka kare a nan?

Kuma wanene "mai idon" da ake cewa a zo da shi? Ɗan jagora ne mai shekara goma sha biyu, ko ƙane, ko ɗan 'yar'uwa, ko wani da aka tarar a bakin na'ura aka ce, "Don Allah taimaka min." Yawancinsu mutanen kirki ne. Amma wanda ya san lambar yau ya san ta gobe, kuma idan dubu biyar ta yi ɓatan dabo, makaho ba shi da bakin magana, domin wanda zai tuhuma shi ne zai riƙe masa sanda da safe. Ko babu sata, akwai tonon asiri. Magidanci ba ya son 'ya'yansa su san nawa ya rage masa. Makauniyar da ke adashi tana tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta ba ta son dangin miji su san abin da ta tara. Mai ido yana ɗaukar wannan rufin asiri kamar iskar da yake shaƙa, shi ya sa ba ya lura idan an ƙwace wa wani.

Da a ce maganin abin bai samu ba, da sai a yi haƙuri. Amma na'urar cire kuɗi mai magana ta girmi yawancin matasan da ke zaune a kantar bankunanmu: an fara kafa ta a birnin Ottawa na ƙasar Kanada a 1997. Mutum zai soka abin sauraro na kunne a wani ɗan rami, na'ura ta riƙa karanta masa zaɓi, shi kuma yana danna maɓallai. Ɗan tudun nan da ke kan lamba 5, wanda mai ido bai taɓa kula da shi ba, shi ne alƙiblar yatsa. Daga shi ake gane sauran lambobin. A Indiya, ƙasar da ita ma take fama da talauci da cunkoso, babban bankinsu ya umarci bankuna tun 2008 su ba makafi duk abin da ake ba kowa, har da littafin cek da katin ATM, sannan ya ce duk sabuwar na'urar da za a kafa daga Yulin 2014 ta zama mai magana.  A nan kuwa amsar da makaho zai samu ta danganta da manajan da ya tarar da kuma yadda ya tashi ran nan.

Za a ce ai yanzu komai ya koma waya. Gaskiya ne, kuma waya ta 'yanta makafi fiye da duk wani shirin gwamnati. Wayoyin Android suna zuwa da TalkBack, na iPhone da VoiceOver, manhajojin da ke karanta duk abin da yatsa ya taɓa. Sai dai suna karanta abin da aka sa wa suna ne kawai. Idan wanda ya ƙera manhajar banki ya zana hoton kibiya bai rubuta mata suna a ɓoye ba, abin da makaho zai ji shi ne "maɓalli, maɓalli, maɓalli", bai san wanne ne na tura kuɗi, wanne ne na fita ba. Gyaran wannan ba ya buƙatar sayo komai daga waje, aikin kula ne kurum. Haka lambobin USSD da ake dannawa: kafin murya ta gama karanta zaɓi, lokaci ya ƙare, a koma farko. Sai kuma sabon salon tantancewa, inda manhaja za ta ce ka sa fuskarka cikin da'ira, ka kalli dama, ka ƙifta ido. Wanda ba ya ganin da'irar fa? A watan Afrilun 2025 sai da Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarnin a gyara irin wannan tantancewar, bayan ƙarar da wani lauya makaho da wasu matan da aka watsa wa ruwan batir a fuska suka shigar. Hatta masu POS na bakin titi, waɗanda suka zama bankin talaka, da yawansu sun koma na'urori masu santsin fuska irin na waya, babu maɓallin da yatsa zai lalubo. Makaho sai ya faɗi lambarsa da baki, a gaban duk wanda ke tsaye.

Ko ya ciro kuɗin, da sauran rina a kaba. Takardun naira 100 da 200 da 500 da 1,000 girmansu ɗaya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi mu sauƙi a nan, domin takardun sefa kowace da girmanta, kamar na yuro. Ingila ta sa ɗigo-ɗigo masu tudu a kusurwar takardunta na roba. Ostareliya ta yi haka daga 2016, bayan fafutukar da wani yaro makaho ya fara. Mu kuwa a ƙarshen 2022 an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ƙasa ta shiga ƙuncin kuɗin da ba a manta da shi ba, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a Maris ɗin 2023. Duk wannan wahala, abin da ya fi fitowa fili a sauyin shi ne launi, abu guda da makaho ba shi da rabo a ciki. Har yau dabararsa ita ce ta da: ya ninke dubu ɗaya ta wata siga, ɗari biyar ta wata, bayan wani ya gaya masa wacce ce wacce.

Ba zan ɗora wa bankuna laifin duka ba. Yarinyar da ke bayan kanta daga cikinmu ta fito, daga al'ummar da in an ce makaho sai a tuna bara. Muna ganin makaho da ɗan jagora, sai mu juya mu yi wa yaron magana: "Me yake so?", alhali mai maganar yana tsaye da kunnuwansa biyu. Abin mamaki, tarihin da muke tinƙaho da shi bai koya mana haka ba. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ladanin Manzon Allah (SAW) ne, kuma an sha bar masa riƙon Madina idan an fita. Malaman mazhabar Malikiyya da muke bi sun halatta cinikin makaho, ya saya ya sayar. Garuruwanmu suna da sarautar Sarkin Makafi tun kafin banki ya zo ƙasar nan, da shari'arsu da tsarinsu. Mutumin da aka yarda ya riƙe gari, ba zai kasa riƙe lambobi huɗu ba.

Akwai Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa da aka kafa a 2020, akwai Ƙungiyar Makafi ta Najeriya, kuma Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa. Tsarin shi ne mutum ya fara kai kokensa ga bankinsa a rubuce, ya karɓi lambar shaidar koken, in an yi mako biyu ba a warware ba ya wuce zuwa Babban Banki. Duk wanda aka ce masa "ba ma ba makafi kati", ya nemi a ba shi wannan amsar a rubuce, da sunan wanda ya faɗa da hatimin reshe. Da wuya a sami ma'aikacin da zai yarda ya rubuta.