Karar Birnin Gwari: Aikin Da Ya Rage Wa Dillalai

A watan Nuwamba na 2024 ne Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, wadda ta daɗe a rufe saboda ta'adin 'yan bindigar da suka yi sansani a dajin Kamuku da kewayensa. Amma fa buɗe kara daban, cika ta da masu saye daban.

Falken da ya sha jin labarin tare hanya a Buruku da Udawa ba zai ɗauko dukiyarsa saboda sanarwar hukuma kaɗai ba. Abin da yake jira shi ne saƙon dillalinsa, watau nawa aka sayar da bijimi, mota nawa ta yi lodi, ta kuma isa Kaduna lafiya ko kuwa. Dillalin da ya san aikinsa ba ya barin ran kasuwa ta wuce bai aika ba, ko ta waya ko ta bakin direba. Idan ya ƙara gishiri kuwa, zuwa ɗaya falke zai gane.

Irin wannan zumunci ne ya yanke a 2021, sa'ad da gwamnati ta katse layukan waya a yankin, ta kuma dakatar da kasuwannin mako.